Rabin awa a gaban allon kwamfuta: yadda Malawi ta nemi koya wa yaranta karatu



Malawi ƙaramar ƙasa ce mai tsawo a kudu maso gabashin Afirka, tsakanin Tanzaniya da Zambiya da Mozambik, kuma kamar Nijar da Cadi ba ta da bakin teku. Akasarin mutanenta manoman masara ne. A makarantun firamarenta ba abin mamaki ba ne mutum ya leƙa ajin farko ya tarar da yara ɗari, wani lokaci ma fiye, zaune a ƙasa gwiwa da gwiwa, malama guda tana tsaye gaban allo da alli a hannunta. In ta rubuta harafi ta faɗe shi, sai ajin duka ya amsa da murya ɗaya har rufin kwano ya ɗauka. Mai wucewa ta waje zai ce lalle karatu ya kankama. Amma cikin wannan amshi babu mai iya rarrabe yaron da ya gane harafin da wanda yake bin bakin na kusa da shi kurum. In darasin minti 30 ne, yaran kuma ɗari ne, ko da malamar ta ajiye komi ta ce za ta saurari kowa shi kaɗai, sakan 18 ne rabon kowane yaro.

Wannan cunkoso yana da asali. A shekarar 1994, da Bakili Muluzi ya hau mulki bayan doguwar zamanin Kamuzu Banda, gwamnatinsa ta soke kuɗin makarantar firamare. Cikin shekara guda yawan ɗalibai ya tashi daga wajen miliyan 1 da dubu 900 zuwa kusan miliyan 3. Alheri ne babba, domin ƴaƴan talakawa da dama a lokacin ne suka fara taka ƙofar aji. Sai dai azuzuwa ba su ƙaru da wannan sauri ba, aka kuma ɗauki dubban malamai da ba su sami horo ba domin a toshe giɓi. Tun daga nan ƙasar take fama da abin da ƙasashen Afirka da yawa suka sani: yara suna zuwa makaranta, suna wucewa daga aji zuwa aji, amma karatun bai shiga ba. A rahoton da Bankin Duniya ya fitar tare da wasu hukumomi a 2022, an kiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara yara kusan 9 cikin 10 masu shekara goma ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi.

Cikin wannan hali ne aka shigo da ƙaramar kwamfutar nan shimfiɗaɗɗiya wadda ake sarrafawa da ɗan yatsa, wadda masu jin Faransanci ke kira tabilet. A nan za mu kira ta allon kwamfuta, tun da girmanta da yadda ake riƙe ta ba su da nisa da ƙaramin allon da ƴan lakwal ke rubutu a kai da alli.

Daga makarantar Biwi aka fara

A 2013, a makarantar firamare ta Biwi da ke Lilongwe, babban birnin ƙasar, aka yi gwajin farko da ya ja hankalin masana. Wata farfesa ta Jami'ar Nottingham a Ingila, Nicola Pitchford, ta raba yara 318 na aji ɗaya zuwa uku gida uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi na farko aka ba su allunan da darussan lissafi cikin harshen Cicewa, rabin awa kullum har mako takwas. Kashi na biyu su ma aka ba su allunan, amma da wasannin da ba na lissafi ba. Kashi na uku suka zauna kan darasin da suka saba. Hikimar kashi na biyun ita ce a gane ko ɗokin sabon abu ne kawai ke sa yara ƙwazo, ko kuwa abin da aka zuba cikin na'urar. Da aka yi jarrabawa, masu darussan lissafin ne suka yi gaba, musamman ƴan aji biyu da uku. Riƙe na'urar kaɗai bai ƙara wa kowa lissafi ba.

Mutanen da suka tsara darussan suka kafa ƙungiya ba ta neman riba ba a Landan mai suna onebillion, ƙarƙashin jagorancin Andrew Ashe, suka haɗa hannu da VSO, ƙungiyar ƴan sa-kai ta Birtaniya, da ma'aikatar ilimi ta Malawi. Daga lissafi suka ƙara darussan karatu da rubutu. Tsarin shekarun farko shi ne a gina ɗaki guda a harabar makaranta, a kafa farantan hasken rana bisa rufinsa, a ajiye alluna wajen talatin cikin akwatin ƙarfe mai makulli inda suke shan caji. Sai a riƙa fito da yara rukuni-rukuni daga aji, su zauna kan tabarma, kowa ya sa abin sauraro a kunne, ya yi rabin awarsa, ya tashi ya ba na baya wuri. Hasken rana dole ne a can, domin a shekarun nan ko mutum 1 cikin 5 na ƴan ƙasar ba shi da lantarki a gida, a karkara kuwa abin ya fi haka muni.

Abin da yaro ke tararwa a ciki

Ya kamata a tsaya a nan a duba da kyau, domin mafi yawan gardamar da ake yi kan na'urori a makaranta ana yin ta ne ba tare da an tambayi me ke cikinsu ba. Allon da ake ba yaran Malawi a kulle yake. Babu intanet, babu Facebook, babu fim, babu hanyar da yaro zai fita daga darasi ya shiga wani abu. In ya kunna, hoton wata malama ne ke bayyana, ana kiranta Alefa, tana yi masa magana da Cicewa. Takan nuna masa harafi, ta faɗi sautinsa, ta ce ya bi shi da yatsa. In ya yi daidai sai alama ta fito nan take. In ya kuskure sai ta sake nuna masa, sau biyu, sau biyar, ba ta gajiya, ba ta ɗaga murya, kuma sauran yara ba su ji ba balle su yi masa dariya. Daga haruffa a wuce zuwa gaɓoɓi, daga gaɓoɓi zuwa kalmomi, daga nan zuwa gajerun labarai masu hotuna waɗanda allon ke karantawa yana haskaka kowace kalma, har ranar da yaron zai karanta da kansa.

Cicewa ta sauƙaƙa wannan aiki. Da haruffan boko ake rubuta ta, wasulanta biyar ne kamar na Hausa, kuma yadda aka rubuta kalma haka ake faɗinta. Yaron da ya kama ba, be, bi, bo, bu, ya kama ma, me, mi, mo, mu, ya riga ya sami mabuɗin kalmomi masu yawa da ya sani tun a bayan uwarsa. Wanda ya fara da Faransanci ya san bambancin, inda sauti ɗaya kan zo da rubutu iri uku ko huɗu, ga haruffan da ake rubutawa ba a furtawa, ga kuma kalmar kanta baƙuwa ce a kunnensa.

A tsarin da aka gyara daga baya, yaro ba ya bukatar suna ko lambar shiga. Duk allon da ya faɗo hannunsa, zai fara da ƴan tambayoyi kaɗan domin ya auna inda yaron ya tsaya, sa'an nan ya zaɓo masa darasin ranar daidai ƙarfinsa. Saboda haka yara biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa, ɗaya yana fama da wasulan farko, ɗayan yana karanta labarin zomo da kura, kowa a kan matakinsa.

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba. A makarantar allo ma kowane almajiri da nasa allon da nasa wurin da ya kai. Ba a wanke masa sai ya biya malam ya gamsu, kuma ba a tsayar da mai hazaƙa domin jiran mai nauyin kai. Makarantar boko ce ta zo da tsarin aji guda, shafi guda, rana guda ga kowa, tsarin da kan yi aiki in yara talatin ne, ya kuma rushe in sun kai ɗari. Abin da injiniyoyin Landan suka yi, a taƙaice, shi ne mayar wa kowane yaro allonsa da mai sauraronsa na rabin awa.

Me awo ya nuna?

Bahaushe ya ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Daga Oktoba 2018 zuwa Yuli 2019 aka yi gwaji na musamman kan karatu a makarantun gwamnati biyu na yankin Lilongwe, da yara 674 na aji biyu. Wata ƙungiya mai mazauni a Amurka, Imagine Worldwide, ta shirya shi tare da masu bincike na Jami'ar Malawi. Nan ma ƙuri'a ce ta raba yaran: wasu allon karatu, wasu allon lissafi, wasu darasin aji kawai. Masu allo suna yin minti 40 a rana. Bayan wata takwas, masu allon karatu sun wuce takwarorinsu da abin da masu binciken suka kiyasta ya kai ƙarin karatun wata biyar. A lissafi ribar ba ta fito sosai ba a wannan zango, sai a sanin lambobi. Ta fi bayyana a gwajin da ya biyo baya, wanda ya fi tsawo kuma annobar korona ta katse shi a tsakiya.

Abu biyu mai hankali zai riƙe game da waɗannan alƙaluma. Ƙarin wata biyar a inda yara ke tafiyar hawainiya ba ya nufin yaro ya zama gwanin karatu; yana nufin ya matsa daga rashin sanin harafi zuwa haɗa gaɓoɓi, ko daga haɗa gaɓoɓi zuwa karanta jimla da ƙyar. Ci gaba ne na gaske, amma tafiya tana nan gaba. Na biyu, ƙungiyar da ta shirya binciken ita ce kuma ke tallata shirin, kuma makarantu biyu da ake zagayawa kullum ana duba su ba daidai suke da makarantu dubbai na ƙauyuka ba. Wannan bai sa sakamakon ya zama ƙarya ba, tun da hanyar ƙuri'a hanya ce ingantacciya, amma ya isa ya sa a sassauta murya wajen yabo.

Akwai wata shaida daga maƙwabciya Tanzaniya. Gidauniyar XPRIZE ta Amurka ta sa gasa ta dalar Amurka miliyan 15, da kuɗin attajiri Elon Musk, ga duk wanda zai tsara manhajar da yaro zai koyi karatu da lissafi da ita shi kaɗai. Daga Disamba 2017 aka raba alluna ga yara wajen 2,700 a ƙauyuka 170 na yankin Tanga, akasarinsu ba su taɓa shiga aji ba, darussan kuma da Swahili. A farko fiye da 9 cikin 10 ba sa iya karanta ko kalma ɗaya. Bayan wata 15 yawan waɗannan ya ragu da kusan rabi. A Mayu 2019 aka raba babbar kyautar tsakanin onebillion da Kitkit School. Masu murna suka ce ga yara sun koyi karatu babu malami. Ana iya juya maganar: bayan shekara da wata uku allo yana hannunsu dare da rana, kusan rabin yaran har yanzu ba su karanta kalma ba. Waɗannan su ne yaran da suke bukatar mutum ya zauna kusa da su.

Inda kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba

Malawi ba ita ta fara ba, kuma waɗanda suka riga ta sun sha da ƙyar. A 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ya fito da shirin kwamfutar dala ɗari ga kowane yaro, har aka nuna samfurinta a taron Tunis na wannan shekara tare da Kofi Annan. Ƙasar Peru a Kudancin Amurka ta sayi fiye da dubu 800. Da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya auna makarantun karkara 319 ya fitar da rahoto a 2012, sai ya tarar yaran sun iya sarrafa kwamfuta, sun ɗan ƙaru a wasu gwaje-gwajen kaifin basira, amma a karatu da lissafi babu wani bambanci tsakaninsu da waɗanda ba a ba komi ba. An raba na'ura, aka bar wa yaro da malami su nemo abin yi da ita.

A Kenya alkawarin yaƙin zaɓe ne a 2013: kwamfuta ga kowane ɗan ajin farko. Daga 2016 aka raba alluna fiye da miliyan ɗaya. Ba a jima ba aka fara jin kukan malaman da ba su sami isasshen horo ba, da makarantun da wutarsu ba ta tsayawa, da allunan da aka kulle a ofishin shugaban makaranta don tsoron ɓarayi. A 2019 gwamnati ta karkata zuwa gina ɗakunan kwamfuta.

Bambancin Malawi da waɗannan bai shafi kyan na'ura ba. Ya shafi ƙananan abubuwa marasa daɗin faɗi a wurin bikin buɗewa: an sa rabin awar cikin jadawalin makaranta yadda ba za a tsallake ta ba, an san wanda ke riƙe da makulli, an san wanda zai mayar da alluna caji da yamma, an san inda za a kai wanda ya fashe, kuma an shafe shekaru ana gyara darussan bisa ga kurakuran da yara ke yi.

Daga makarantu kaɗan zuwa ƙasa duka

A Satumba 2023 gwamnatin Malawi ta ƙaddamar da shirin da ake kira BEFIT, wanda ya fara da makarantu 500. Burin da aka sanar shi ne a kai ga dukan makarantun firamaren gwamnati, kusan 6,000, zuwa 2029, yara fiye da miliyan 3 da rabi na aji ɗaya zuwa huɗu su riƙa samun rabonsu. An bar gina ɗaki na dabam saboda tsada. Allunan ake ɗaukowa daga akwatin caji a kai aji, in wannan aji ya gama a wuce da su na gaba, ta yadda allo guda kan ratsa hannun yara da dama a yini. Masu shirin sun kiyasta kuɗinsa ƙasa da dalar Amurka 7 ga kowane yaro a shekara, wato wajen jika 4 na Sefa, in an haɗa na'ura da farantan rana da horo da gyara.

Jika huɗu ba ta da yawa a baki. In aka ninka ta sau miliyan uku da rabi, ana maganar abin da ya doshi dalar Amurka miliyan 25 kowace shekara, a ƙasar da ke cikin mafi talauci a duniya. Masu ba da agaji ne suka ɗauki nauyin sayen kayan farko, da yarjejeniyar cewa sannu a hankali gwamnati za ta karɓi ragama. A nan ne za a san maci tuwo. Allo yana tsufa, batir yana mutuwa, abin sauraro yana tsinkewa a hannun yara ƴan shekara shida, kuma duk waɗannan da kuɗin waje ake sayo su. Wata biyu kacal bayan ƙaddamar da shirin, a Nuwamba 2023, aka karya darajar kwacha, kuɗin ƙasar, da kashi 44 cikin ɗari. A 2025 kuma duniya ta ga yadda Amurka ta rufe hukumarta ta agaji, USAID, cikin ƴan watanni, shirye-shiryen ilimi da lafiya da dama a Afirka suka tsaya cak. Kayan aro ba ya rufe katara. Duk ministan da ya karɓi alluna kyauta, ya karɓi bashin sauya su bayan ƴan shekaru.

Akwai kuma tambayar da malamai ke da haƙƙin yi: da wannan kuɗi malamai nawa za a ɗauka, azuzuwa nawa za a gina, littattafai nawa za a buga? Amsar masu shirin ita ce ko an zuba kuɗin duka a ɗaukar malamai, ajin ɗari ba zai koma talatin ba a rayuwar yaran da ke ciki yau. Hujja ce mai ƙarfi, kuma a ganina ita ce mafi gaskiyar hujjar da allon ke da ita. Amma tana da haɗari in gwamnati ta mayar da ita dalilin jinkirta ɗaukar malamai har abada. Rabin awa ce kawai a yini. Sauran sa'o'in duka yaron yana hannun malamar nan mai alli. In ba ta san abin da ya koya a allo ba, balle ta ɗora a kai, to an raba masa karatu gida biyu da ba sa gaisawa.

Batun harshe ma bai ƙare ba. Cicewa ita ce ta fi yaɗuwa, amma a arewacin ƙasar Citumbuka ake yi a gida, a wasu yankunan kudu kuma Ciyawo. Yaron da ya zo daga irin waɗannan gidaje, Alefa tana yi masa magana ne da harshen da bai gama ji ba, kuma babban amfanin allon ya ragu ke nan.

Sai hannu da takarda. Bin harafi da yatsa a kan gilashi dabam yake da riƙe fensir. Suwidin, wadda ta yi nisa ƙwarai wajen sa na'urori a azuzuwan ƙananan yara, ta ja da baya a 2023: ministar makarantu Lotta Edholm ta sa a koma ga littattafan takarda da rubutun hannu, bayan makin yaran ƙasar a gwajin karatu na duniya, PIRLS, ya sauka daga 555 a 2016 zuwa 544 a 2021. Masana sun yi saɓani kan ko na'urorin ne sanadi. Kuma kwatancin yana da iyaka, domin yaron Suwidin na'ura ta raba shi da littafin da yake da shi, shi kuwa yaron ƙauyen Malawi sau da yawa labaran cikin allon su ne littattafan farko da ya taɓa buɗewa.

Inda zancen ya taɓo mu

Ciwon ba na Malawi ba ne ita kaɗai. A awon PASEC na ƙasashe masu amfani da Faransanci, a 2014 ko ɗalibi 1 cikin 10 na ƙarshen firamare a Nijar bai kai matakin karatu da ake bukata ba. A 2019 an matsa zuwa wajen 3 cikin 10. Kuma abin da ya fi fitowa daga labarin Malawi, wato fara karatu da harshen gida, Nijar ta san shi tun 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Zinder. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Allon da zai zo da darussan Faransanci zalla ga ɗan shekara shida na ƙauyen Maraɗi ko Tawa zai maimaita masa wahalar da yake sha a aji ne, sai dai a kan gilashi.

An riga an gwada abu makamancin wannan da Hausa. Masu bincike na Bankin Duniya sun yi aiki da gidaje fiye da dubu 9 a jihohin Kano da Jigawa, suka buga sakamakon a 2023. An fara da nuna wa iyaye finafinai masu ƙarfafa sa yara makaranta, abin da ya rage yawan yaran da ba sa zuwa da kashi 42 cikin ɗari, amma shi kaɗai bai ƙara wa yaran iya karatu ba. A inda aka ƙara da ba gidaje wayar hannu ɗauke da wasan haruffa mai suna Feed the Monster, inda yaro ke ciyar da wani ɗan dodo da haruffa, da kuma tarin ƙananan littattafai na Hausa, a nan ne karatu da lissafi suka ɗaga, har yayyen yaran da ba domin su aka ba da wayar ba suka amfana.

Kada dai iyaye su ɗauki wannan a matsayin izinin miƙa wa yaro waya don ya yi shiru. Wayar gida a buɗe take ga duk abin da ke yawo a intanet, ba ta da mai ƙidaya mintoci, ba ta auna inda yaro ya tsaya. Haka kuma makarantu masu zaman kansu na birane, waɗanda suka fara sa allon kwamfuta cikin jerin kayan da uba zai saya a farkon shekara, ya kamata a tambaye su a taron iyaye, cikin ladabi amma ba tare da jin nauyi ba: da wane harshe allon ke magana, me aka zuba a ciki kuma wa ya tsara shi, minti nawa a rana, kuma in ya lalace a watan Janairu wa zai gyara? Makarantar da ta shirya za ta amsa nan take. Akwai kuma awon da ba ya bukatar jami'a ko ƙuri'a. Bayan wata uku da fara darasin, uwa ko uba su rubuta kalmomi biyar na Hausa a takarda, waɗanda yaron bai taɓa gani a allon ba, kamar tulu, rago, gero, tabarma, makaranta, su miƙa masa su ce ya karanta.